Na shuka iri a gida ya tsiro ya mutu: ina matsalar take?

"Malam, barka da aiki. Sau uku ke nan ina gwada shuka tumatir, latas, tattasai da ɗoɗɗoya daga iri a cikin kofunan roba. Ƙasar a tsakar gida na ɗebo ta, ina ba su ruwa safe da yamma, kuma a ɗaki na ajiye su kusa da taga don kada rana ta ƙone su. Latas da tattasai ko leƙowa ba su yi ba. Tumatir da ɗoɗɗoya sun fito, sai suka yi tsawo siriri kamar zare, bayan kamar kwana goma suka dinga kwanciya ɗaya bayan ɗaya. Irin ne ba shi da kyau, ko ni ce ba ni da hannun shuka?"

Malama, sannu da ƙoƙari, kuma ki kwantar da hankalinki, hannunki lafiyarsa ƙalau. Abin da ya same ki shi ke samun kusan duk wanda ya fara renon iri a gida, kuma bayanin da kika yi ya riga ya nuna inda gizo ke saƙa. Matsala uku kika haɗa a tambaya ɗaya: irin da ya ƙi fitowa, tsiron da ya yi tsawo babu ƙwari, da tsiron da ya kwanta ya mutu. Kowacce da musabbabinta, amma tushensu ɗaya. Ƙwayar da ke kwance a cikin ƙasa da tsiron da ya leƙo waje, kowanne da abin da yake so. Ita ƙwayar danshi take nema da ɗumi da iska. Shi kuwa tsiro, daga ranar da ya fasa ƙasa, haske ne babbar buƙatarsa, ruwan kuma a rage masa. Ke kuma kin haɗa musu ruwa mai yawa da haske kaɗan, a cikin ƙasar da ruwa ba ya tsanewa.

Abin da ya hana latas da tattasai fitowa

Ƙwayar iri tana da rai, barci kawai take yi. Da zarar ta sha ruwa ta kumbura sai ta farka, ta fara numfashi, ta shiga cin ɗan guzurin da ke cikinta. Daga nan babu komawa baya. In ƙasar ta bushe ƙayau bayan ta farka, ta mutu. In kuma ruwa ya cika duk 'yan kafofin da iska ke bi a cikin ƙasar, sai ta shaƙe ta ruɓe. Ban ruwa safe da yamma a kofin da ke cikin ɗaki, inda babu rana ko iskar da za ta busar da shi, kai tsaye ga wannan na biyun yake kaiwa.

Sai zurfi. Ƙa'idar da ake bi ita ce a rufe ƙwaya da ƙasar da ta kai ninki biyu zuwa uku na kaurinta. Tumatir da tattasai rabin santimita ya ishe su. Wake da kuɓewa da kabewa santimita 2 zuwa 3. Latas kuwa ba a binne shi: a barbaɗa shi a saman ƙasa mai danshi, a danna da tafin hannu don ya manne, a yayyafa masa ƙasa kaɗan ƙwarai ko ma a bar shi haka, saboda nau'o'insa da yawa haske na taimaka musu wajen tsirowa. Ƙananan ƙwayoyi guzurinsu kaɗan ne. In kika tura su santimita 2, za su tsiro a can ƙasa, guzurin ya ƙare kafin su ga haske, ke kuma ki ce irin bai fito ba.

Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne latas da tattasai kishiyoyin juna ne wajen zafi, amma kin ajiye su wuri ɗaya. Latas yana tsirowa da kyau tsakanin digiri 15 zuwa 22 a ma'aunin Selsiyos, cikin kwana 3 zuwa 7. In zafin ƙasa ya doshi digiri 30, yawancin nau'o'insa sai su ƙi farkawa, ko da irin sabo ne fil. Maganin haka a shuka shi da yamma, a ajiye a wuri mafi sanyi a gidan, ko a naɗe ƙwayoyin a takarda mai danshi a sa cikin firji kwana biyu kafin shuka. Tattasai da barkono ɗumi suke so, digiri 25 zuwa 30, kuma ba sa gaggawa: kwana 10 zuwa 21 ba abin mamaki ba ne, mai yaji sosai ma yakan wuce haka. Mutane da yawa kan zubar da kofin a kwana na goma alhali saura kaɗan ya leƙo. Kuma in daga cikin koren tattasai kika ciro irin, to bai ƙosa ba. Sai wanda ya nuna sosai a jikin uwarsa ake ɗiban iri daga gare shi.

Game da ko irin ne ba shi da kyau, ba sai kin yi ta zato ba, gwadawa ake yi. Ki ƙirga ƙwaya 10, ki jera su a kan takarda mai laushi ko tsumma mai danshi, ki naɗe, ki sa a leda ba tare da kin ɗaure bakin gam ba, ki ajiye inda ya dace da irin. Ki riƙa dubawa kowane kwana biyu. In 7 ko fiye suka fitar da saiwa, irin lafiya lau. In 5 ko 6 ne, ki shuka da yawa don cike giɓi. Ƙasa da haka, ki nemi sabo. Irin albasa da wuya ya wuce shekara ɗaya zuwa biyu da ƙarfinsa, na tattasai shekara biyu zuwa uku, na tumatir kuwa yakan kai huɗu ko fiye in an adana shi a busasshen wuri mai sanyi da duhu, cikin kwalba mai murfi. Zafi da laima ne ke kashe iri a ajiye.

Ƙasar reno da mazubinta

Ƙasar da ke yi wa shuka daidai a fili takan zama matsala a cikin kofi. A fili ruwa yana da inda zai gangara, akwai kuma tsutsotsi da saiwoyin da ke buɗe ƙasar. A kofi kuwa daskarewa take yi, samanta ya yi ɓawo mai tauri in ta bushe, ƙasanta ya zama taɓo. Ga kuma irin ciyawa da ƙwayoyin cuta da take zuwa da su.

Haɗin da nake amfani da shi mai sauƙi ne: kashi 2 na ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe, kashi 1 na yashi mai manyan ƙwayoyi, kashi 1 na wani abu mara nauyi mai riƙe danshi, kamar garin ɓawon kwakwa ko ƙaiƙayin shinkafa da aka babbake. Takin dole ya zama wanda ya gama ruɓewa, ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasa, ba a iya gane abin da aka haɗa shi da shi. Ɗanyen kashin dabbobi, musamman na kaji, ƙone saiwa yake yi. Garin ɓawon kwakwa a wanke shi sosai tukuna, don wani yana ɗauke da gishiri. Ɗanyen garin katako kuma ki bar shi, domin yayin da yake ruɓewa yana janye sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, sai ki ga tsiro ya yi rawaya ya tsaya cak.

Ki jiƙa haɗin tun kafin ki zuba a kofi. Ki damƙi cikin hannu ki matse: ya kamata ya dunƙule, ɗigo ɗaya ko biyu ya fito, sannan in kika taɓa shi da yatsa ya wargaje. In ruwa na zuba ta tsakanin yatsu, ya yi yawa. Kowane kofi a huda masa ƙofa 4 ko 5 a gindi da ƙusa mai zafi, zurfinsa kuma ya kai santimita 6 zuwa 8. Ba ki faɗi ko naki kofunan a huje suke ba; in ba a huje suke ba, wannan kaɗai ya isa ya kashe komai. Kuma kada ki zuba tsakuwa a gindin kofi da sunan ta taimaka wa ruwa ya fita. Ba ta yin hakan, rage wa saiwa wuri kawai take yi.

Ban ruwa ba ya bin agogo. Ki sa yatsa, ko ki ɗaga kofin ki ji nauyinsa. Kafin tsirowa, ki rufe bakin kofin da farar leda don danshin ya zauna, ta yadda sau da yawa ba sai kin ƙara ruwa ba sam. Ranar da kika ga tsiro na farko, ki cire ledar nan take. Daga nan ki riƙa bari saman ƙasar ya ɗan sha iska kafin ki sake ba da ruwa. Hanya mafi aminci ita ce ta ƙasa: ki jera kofunan a faranti mai ruwa kamar santimita 2, ki bar su minti 15 su tsotsa, ki zubar da sauran. Haka gindin tsiron ba ya zama a jiƙe, kuma ƙarfin ruwa ba ya tone ƙananan ƙwayoyi. Da safe ake yi, don kada su kwana cikin laima.

Tsawon da ba na lafiya ba

Idonmu yana ruɗinmu game da haske. Ɗakin da ke da haske tas a ganinmu, a wurin tsiro duhu ne. Tsiron da bai sami isasshen haske ba ɗauka yake yi har yanzu wani abu ya rufe shi, sai ya zuba duk ƙarfinsa wajen miƙewa don ya tsere wa inuwar. Shi ya sa karan ke yin tsawo, fari-fari, ya karkata wajen taga, ganyen kuma ƙanana. In ɗakin da zafi, abin ya fi muni, domin zafi na ƙara saurin miƙewar. Cikin kwana biyu ko uku na farko wannan ke faruwa, kuma karan da ya riga ya miƙe ba ya komawa.

Tsoron da kika ji na kada rana ta ƙone su yana da tushe, sai dai akasin abin da kika yi ne maganinsa. Tsiron da ya buɗe ido a cikin rana tun ranar farko yana sabawa da ita, ya yi gajere, kakkaura, ganyensa kore shar. Wanda ke ƙonewa shi ne wanda aka rena a inuwa sannan aka fitar da shi rana tsaka kwatsam. Tumatir, tattasai da ɗoɗɗoya suna son aƙalla awa 6 na rana kai tsaye. Inda rana ke da zafi ƙwarai, a ba su ta safe har zuwa hantsi, a kare su daga ta tsakar rana da raga ko siririn yadi, a kuma lura cewa ƙaramin kofi na iya bushewa cikin awoyi kaɗan. Inda sanyi ya hana a fitar da su, fitila ce mafita: farar fitila mai ƙarfi a rataye kamar santimita 10 zuwa 15 a saman ganyen, awa 14 zuwa 16 a kullum, ana ɗaga ta yayin da suke girma. Iska mai kaɗawa a hankali ma tana ƙara wa kara ƙwari. Ko shafa saman tsiron da hannu sau biyu a rana yana yin wannan aikin.

Tumatir da ya yi tsawo ana iya ceto shi, saboda karansa na fitar da saiwa duk inda ƙasa ta taɓa, don haka a wajen dashe sai a binne shi har kusa da ganyen farko. Latas da ya yi haka gara a sake shuka wani.

Kwanciyar tsiro

Wannan ita ce ta ƙarasa miki su. In kika duba gindin tsiron da ya kwanta, daidai inda ya haɗu da ƙasa, za ki ga ya tsuke kamar an matse shi da farce, ya yi ruwan ƙasa ko ya yi laushi kamar an dafa, alhali ganyen sama na nan kore. Cuta ce da wasu ƙwayoyin cikin ƙasa dangin fumfuna ke jawowa, waɗanda masana ke kira Pythium, Rhizoctonia da Fusarium. Suna nan a kusan kowace ƙasa, jira kawai suke yi su sami laima mai ɗorewa, iska a tsaye, cunkoso da tsiro mara ƙarfi. Ki duba ki gani, kusan dukkansu sun haɗu a ɗakinki. In kuma kina ganin wasu 'yan ƙananan baƙaƙen ƙudaje na tashi daga saman ƙasar, ko wani kore-kore ya lulluɓe ta, shaida ce ruwa ya yi yawa.

Gaskiyar magana, tsiron da ya kwanta ba ya tashi. Babu abin da za ki fesa ya gyara karan da ya ruɓe. Ki cire shi tare da ƙasar da ke kewaye da shi, ki dakatar da ruwa, ki fitar da sauran inda iska ke kaɗawa. Za ki ji ana cewa a barbaɗa garin kirfa. Ba ya cutarwa, amma ba zan ba ki shawarar dogara da shi ba muddin ƙasar na jiƙe sharkaf. A nan rigakafi ne kawai. Kada ki sake amfani da ƙasar da tsiro ya mutu a ciki wajen reno. Tsofaffin kofuna a wanke, a jiƙa su minti 10 a ruwan bilic, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa, a ɗauraye. In dole sai kin sa ƙasar fili a haɗinki, ki turara ta da danshinta na minti 30, zafin ya kai wajen digiri 80, ta huce kafin shuka. Da zarar kara ya fara tauri, bayan mako uku ko makamancin haka, haɗarin ya ragu sosai.

Cira, taki da dashe

Ƙwaya 2 ko 3 ake sawa a kofi. Ganye biyun da suka fara fitowa na cikin ƙwayar ne. Na ainihi su ne masu biyo baya, masu kamannin ganyen shukar. Idan na ainihi suka bayyana, ki zaɓi tsiron da ya fi kauri, ba wanda ya fi tsawo ba, ki yanke sauran da almakashi daga gindi. Na san da ciwo a yanke tsiro mai rai, amma uku a kofi ɗaya babu wanda zai yi kirki, tumɓukewa kuma na girgiza saiwar wanda za a bari. A lokacin ne kuma ake fara ba da taki na ruwa, kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da aka rubuta a jikin mazubinsa, sau ɗaya a mako ko kwana goma. In haɗinki na da ruɓaɓɓen taki mai kyau, ba sai kin yi gaggawa ba.

Tumatir kan isa dashe a mako 4 zuwa 6, tattasai 6 zuwa 8, latas 3 zuwa 4, wato idan sun yi ganyen ainihi 4 ko fiye kuma saiwa ta riƙe ƙasar kofin. Wanda aka rena a ɗaki ko a inuwa sai an saba masa da waje na kwana 7 zuwa 10: awa ɗaya ko biyu a rana ta farko, ana ƙarawa kullum. A yi dashen da yamma, a ba kofin ruwa awa ɗaya kafin nan, a kifa shi a tafin hannu ƙasar ta fito a dunƙule. In za ki riƙe tsiro, ki kama ganye. Ganye in ya yage wani zai fito, kara in ya murje shi ke nan. Tumatir ɗaya na son mazubi mai cin lita 15 zuwa 20, tattasai kamar lita 10, ɗoɗɗoya lita 3 zuwa 5, latas kuma zurfin santimita 15 da tazarar santimita 20 zuwa 25. Shi latas kada ƙasa ta rufe tsakiyarsa, ruɓewa yake yi.

Ba kowane iri ke son reno ba. Karas, koriyanda (wani ganyen ƙamshi na girki), kuɓewa, wake da kokwamba ba sa son a taɓa musu saiwa, a inda za su zauna ake shuka su. Karas da aka dasa yakan fito a murɗe ko da rassa, kuma yana buƙatar zurfin santimita 25 zuwa 30. Abin da ake kira ƙwayar koriyanda a zahiri ƙwaya biyu ce a cikin ɓawo ɗaya, don haka a ɗan murje ta ta rabu kafin shuka. Zafi na sa ta yin fure da wuri, shi ya sa ake shuka kaɗan-kaɗan duk mako biyu ko uku. Fasli, shi ma ganyen ƙamshi na girki, yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin ya fito, jiƙa shi ya kwana na rage jiran. Na'ana'a kuwa ɓata lokaci ne a neme ta daga iri, domin abin da zai fito ba lallai ya yi ƙamshin uwar ba; reshe mai tsawon santimita 10 a cikin kofin ruwa zai yi saiwa cikin mako ɗaya ko biyu. Ɗoɗɗoyarki in ta kai santimita 15, ki tsinke kanta daidai saman wasu ganye biyu, za ta yi rassa biyu a wurin, kuma ki riƙa cire fure da ya fito don ganyen ya ci gaba.

Akwai iyakar da dabara ba ta ƙetarewa. In wurin da kike da shi bai samun rana ta awa 4 a yini, tumatir da tattasai za su yi ganye amma 'ya'yan ba za su taka kara sun karya ba. Gara ki ba latas, fasli da na'ana'a wurin, su sun fi haƙuri da inuwa. Haka nan in kika ga an rubuta F1 a jikin fakitin iri, haɗin aure ne na nau'i biyu: zai yi miki kyau a shukar farko, amma irin da kika ɗiba daga 'ya'yansa zai fito a rarrabe, wani ya biyo wannan kaka wani ya biyo waccan. Irin da aka rina da hoda mai launin ja ko kore kuma magani ne a jikinsa, a wanke hannu bayan shuka, a nisanta shi daga yara.

A gwaji na huɗu, shawarata ki tsaya kan tumatir da ɗoɗɗoya kaɗai, tunda sun nuna miki irinsu na da rai kuma duka biyun kan fito cikin kwana 5 zuwa 10. Kofi shida hujajju, sabon haɗin ƙasa, leda a kai har tsiro ya leƙo, sannan waje cikin ranar safe tun daga wannan ranar. Ki rubuta sunan iri da ranar shuka a jikin kowane kofi. Latas da tattasai ki sa su a gwajin takarda mai danshi a lokaci guda, latas a wuri mai sanyi, tattasai a wuri mai ɗumi, kuma shi tattasan kada ki yanke masa hukunci sai ya cika mako uku.